Muhawara: Me ya sa murya ke tsinkewa a sadarwar da ba ta da ƙarfen sabis?

Ɗan Agaji:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawarar masana nake nema. Tun bayan ambaliyar da ɓallewar madatsar Alau ta jawo a Satumbar 2024, mu matasan unguwa masu aikin agaji muka ga ya kamata mu samu hanyar magana tamu ta kanmu, wadda ba ta rataya a kan ƙarfen sabis na kowa ba. Mun ɗora ƙananan rauta (na'urorin Wi-Fi masu miƙa saƙo) guda shida a kan rufin gidaje, kowace da sola da batirinta, tun daga makarantar da muke tara kayan agaji har zuwa ɗakin shan magani. Babu shugaba a cikinsu, kowace tana karɓar saƙo ne ta miƙa wa maƙwabciyarta. Manhajar rauta ta OpenWrt muka saka musu, da batman-adv mai zaɓar wa saƙo hanya.

Rubutaccen saƙo yana tafiya lafiya lau. Matsalar tana wajen kiran murya daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Da zarar wani ya fara tura bidiyo, sai murya ta dinga yankewa, ka ji rabin kalma, a yi shiru, sannan sauran kalmomin su zubo maka a tare. Shin akwai yadda za a ware wa murya kasonta, a ce ko me ake yi ba za a taɓa shi ba? Tabbaci muke so, domin ranar da za a buƙaci abin nan ba ranar gwaji ba ce.

Mai Sola Damagaram:
Wa alaikumus salam. Ka fara duba batir tukuna. Rautar da wutarta ta yi ƙasa takan mutu ta tashi ba ka sani ba. In wuta lafiya take, ka ƙara ƙarfin eriya.

Ɗan Agaji:
Wuta ba ta da matsala yaya, mun auna. Ko da rana tsaka haka yake yi.

Malam Injiniya:
Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya saka muku da alheri, aikin lada kuka ɗauko. Amma ƙanena gara in faɗa maka tun yanzu: tabbacin da kake nema, a irin wannan sadarwa, babu mai iya ba ka shi. Abin da ake iya samu shi ne fifiko da kuma taƙaitawa. Bari in kawo dalili.

Waya mai igiya kowane zango, wato tsakanin na'ura da ta gaba da ita, da nasa layin. Ku kuma iska ɗaya kuke rabawa. Rauta shida a tasha ɗaya, duk wadda ta buɗe baki dole na kusa da ita su yi shiru. Dokar Wi-Fi ke nan tun fitowar IEEE 802.11 a 1997: ka saurara, in babu mai magana ka jira ɗan lokacin da ƙuri'a ta ba ka, sannan ka aika. Kuma rediyo ɗaya ba ya karɓa yana aikawa a lokaci guda. Saboda haka in ta ɗaya tana miƙa wa ta biyu, ta biyu ba za ta iya miƙa wa ta uku ba, ita ma ta uku in ta yi magana za ta ɓata wa ta biyu ji. Saƙo gunduwa-gunduwa ake aika shi, kowace gunduwa ƙunshi ce, kuma ƙunshin saƙo ɗaya tak yana gogayya da ɗan'uwansa da ke biye da shi.

An auna wannan tuntuni. A 2001 Jinyang Li da Robert Morris da abokan aikinsu a MIT sun nuna cewa a dogon jeri irin naku, ko da an tsara lokacin kowa daidai, kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin zango guda ake samu, kuma da dokar 802.11 yadda take abin ya kan sauka zuwa wajen ɗaya cikin bakwai. Shekara guda kafin nan Gupta da Kumar sun tabbatar ta hanyar lissafi cewa yawan na'urori a fili ɗaya yana rage rabon kowace, ba ƙara shi yake yi ba.

Sai ka haɗa da halin murya. Kira yana fitar da ƙunshi 50 a kowane sakan daga kowane ɓangare, wato 100 ke nan. A zango biyar, sau 500 ke nan za a nemi izinin iska a sakan ɗaya saboda kira guda, ban da amsar "na karɓa" da ke bin kowane ƙunshi. Muryar kanta ba ta da nauyi, da salon matse murya na G.729 baiti 20 ne kawai a ƙunshi, alhali adireshin da aka lulluɓe ta da shi baiti 40 ne. Ba nauyi ke kashe ku ba, yawan neman izini ne. Ƙa'idar hukumar sadarwa ta duniya, ITU, mai lamba G.114 ta ce muddin jinkiri daga baki zuwa kunne bai wuce milisakan 150 ba, hira tana tafiya daidai. Ƙunshin murya da ya tsaya a bayan bidiyo a rauta biyar ya cinye wannan tun kafin ya kai rabin hanya.

Mai Sola Damagaram:
To Malam, ƙara ƙarfin ba zai rage zangon ba? In ta ɗaya tana jin ta huɗu kai tsaye ai an huta.

Malam Injiniya:
Wani lokaci yana ragewa. Sai dai duk wanda ya ɗaga murya, yawan waɗanda ya tilasta wa yin shiru ma ya ƙaru. Sannan akwai wata tsohuwar cuta da Tobagi da Kleinrock suka bayyana tun 1975. Ka ɗauka mutum uku ne a jere a dogon zaure, na farko da na ƙarshe ba sa jin juna, amma dukansu na tsakiya suke yi wa magana. Kowanne ya kasa kunne ya ji shiru, sai su fara a tare, na tsakiya bai fahimci ko ɗaya ba. A rauta haka ake yi, ƙunshi biyu su yi karo, a sake aikawa, a ninka lokacin jira. Akwai maganin neman izini tun farko, RTS da CTS, wanda asalinsa daga Phil Karn ne a 1990, amma ga ƙananan ƙunshin murya kuɗin maganin yakan fi ciwon.

Ɗalibar Sadarwa:
Allah ya gafarta Malam, ina da ja a kan cewa babu tabbaci kwata-kwata. Ai a intanet an yi IntServ a 1994 da RSVP a 1997, inda ake bin hanya rauta bayan rauta ana kama wa kira gurbinsa kafin a fara. Kuma an kawo irin wannan tunani cikin sadarwar kai-da-kai, wato irin tasu da na'urori ke miƙa wa juna saƙo babu shugaba. INSIGNIA da aka yi a jami'ar Columbia yana saka buƙatar gurbin a cikin ƙunshin saƙon kansa, in an daina ganin ƙunshin sai gurbin ya saki da kansa. CEDAR na 1999 kuma yana zaɓar wasu na'urori su zama ƙashin baya, su riƙe labarin inda hanya ke da fili. Me zai hana su bi wannan?

Malam Injiniya:
Madalla da wannan tambaya 'yata, kin yi karatu. To amma ki tambayi kanki, me ake kamawa? A igiya, in rauta ta ce tana da megabit goma ta ba ki biyu, ta san takwas suka rage. A iska, rautar da ta yi miki alkawari ba ita kaɗai ke da iko da abin da ta yi alkawari da shi ba. Wata rauta da ba ta kan hanyarki sam, ba ta ma san da kiranki ba, tana iya fara aikawa ta cinye lokacin. Gobe a yi ruwa, ganyen darbejiyar da ke tsakanin rufi biyu ya jiƙe, saurin zangon ya faɗi daga megabit 54 zuwa 6. Alkawarin yana nan a rubuce, abin da aka yi shi a kansa ya tafi. Shi ya sa masu INSIGNIA da kansu suka gina shi a kan cewa kira zai iya sauka daga babban matsayi zuwa ƙarami in hanya ta ƙuntata.

Kuma ki lura, daga wannan ɗakin bincike na Columbia ne SWAN ya fito a 2002, wanda ya bar kama gurbi gaba ɗaya. Kowace na'ura tana auna jinkirin da take gani, in ya fara hawa sai ta matse wa saƙonnin da ba na gaggawa ba wuya. Sabon kira kuma sai an aika ɗan leƙen hanya, in babu fili a hana shi shiga. A ganina wannan ya fi kusa da gaskiyar iska.

Ɗalibar Sadarwa:
Na yarda da batun maƙwabciyar da ba ta kan hanya. Amma Malam wannan laifin dokar saurara-ka-aika ne. In aka raba lokaci gida-gida, kowace na'ura da nata ɗan lokacin, babu karo. TSCH da ya shigo 802.15.4e a 2012 haka yake aiki, kuma masana'antu suna dogara da irinsa.

Malam Injiniya:
Gaskiya ne, kuma rediyon sojoji da yawa ma rabon lokaci suke yi. Sharaɗinsa shi ne agogon kowa ya zama ɗaya, kuma a sake rabon duk sanda wani ya matsa ko ya mutu. A masana'anta na'urori a kafe suke, saƙonsu 'yan baiti ne. Rautar kasuwa da ke hannun waɗannan yara ba a ƙera ta don haka ba. Ko 802.11s na 2011 yana da wani sashe na kama lokaci mai suna MCCA, amma na ganin dama ne, da wuya ki same shi a na'urar da za ki saya.

Mai Hawa Ƙarfe:
Ku yi haƙuri in shigo da abin da hannu ke taɓawa. Ni aikina ɗaura eriya ne. Ɗan Agaji, kafin a je ga manyan littattafai, amsa mini uku. Rautocin nan rediyo nawa kowace take da shi? Wayoyin mutane da miƙa saƙo tsakanin rufi duk a mitar Wi-Fi ta 2.4 GHz suke, ko kuna amfani da ta 5 GHz? Kuma wace tasha?

Ɗan Agaji:
Suna da 2.4 da 5, amma komai a 2.4 muka bari saboda ya fi nisa. Tasha ta 6.

Mai Hawa Ƙarfe:
To ga rabin ciwonku nan. A 2.4 tashoshi uku ne kawai ba sa shiga juna, 1 da 6 da 11, kuma duk hotspot ɗin unguwa da masu tura fim ta Xender a nan suke. Ku mayar da miƙa saƙo tsakanin rufi zuwa 5, ku bar wa wayoyi 2.4, kuma maƙwabtan rauta kada su zauna a tasha ɗaya ta ɓangaren wayoyin. Amma 5 ba ya son shamaki, sai eriya ta ga 'yar'uwarta ido da ido. Ku ɗaga ta a kan bututu ta wuce kwanon rufi sosai. Na sha zuwa in tarar an ɗaure rauta da wayar ƙarfe a jikin tankin ruwa, tankin ya tare rabin unguwa, ga kwano a ƙasa yana mayar da sigina, sannan a ce na'ura ce ba ta da kyau.

Abu na biyu, waya ɗaya da ke can nesa tana magana a megabit 1 tana iya jawo kowa ƙasa, domin ƙunshinta yana daɗewa a iska, kuma doka tana ba kowa damar aikawa daidai wa daida ba tare da duba daɗewar ba. Ku kashe ƙananan saurin nan na 802.11b a saitin.

Malam Injiniya:
Wannan magana ta ƙarshe an rubuta ta a bincike tun 2003, Heusse da abokansa a Faransa. Maganinta a Linux shi ne rabon lokacin iska maimakon rabon ƙunshi, aikin da Toke Høiland-Jørgensen da abokansa suka yi, kuma rautar da ke da guntun Atheros mai direban ath9k tana samunsa a OpenWrt na yanzu.

Inna Ma'aikaciyar Jinya:
Sannunku da ƙoƙari. Ni ban san lambobin nan ba, amma ni ce irin wadda za ta zauna a ɗakin shan maganin. Tun ɗazu ina ji ana cewa a fifita murya a kan sauran. Ɗana, wa ya ce murya ce ta fi muhimmanci? Ranar ambaliya kowa kira yake yi, yana tambayar ina wane, an ga wance. Hakkinsu ne, hankalinsu a tashe yake. Amma saƙona na layi biyu, cewa ga mace tana naƙuda jini ya ɓalle a kawo kwalekwale, ya fi kira ɗari. Hoton ciwon da zan tura wa likita ya gaya mini ko in ɗinke ko in tura asibiti, shi ma haka. In na'urarku ta ture hotona don wani yana gaisawa da ɗan'uwansa, to ba ta yi mini aiki ba.

Ɗan Agaji:
Wallahi Inna ban kalli abin ta nan ba sai yanzu.

Malam Injiniya:
Hajiya ta taɓo inda littattafan suka fi rauni. Bari in faɗi abin da na'ura ta sani. Gyaran 802.11e na 2005, wanda a saiti za ku gan shi da sunan WMM, ya raba saƙo gida huɗu: murya, bidiyo, gama-gari, da na baya. Ba gurbi yake kama wa kowa ba, lokacin jira yake bambantawa. Murya tana jefa ƙuri'arta tsakanin 0 da 3, gama-gari tsakanin 0 da 15, kuma in karo ya yi yawa nasa yana iya kaiwa 1023 alhali na murya bai wuce 7 ba. Don haka murya ce ke yawan riga kowa. Amma ku duba abin da ke ciki: in masu murya suka yi yawa, da yake lambobin ƙuri'arsu kaɗan ne, sai su dinga faɗawa lamba ɗaya suna karo da juna. Ranar da kowa ke kira, gidan da aka fifita shi ne zai fara rushewa, ya kuma danne rubutun Hajiya a ƙarƙashinsa.

Na'ura nau'in saƙo take gani, ba ta ganin darajarsa. Daraja mutane ne za su zauna su yanke, sannan a gaya wa na'ura. A aikace: ku buɗe sunan Wi-Fi biyu. Ɗaya na ma'aikatan agaji da jinya, mai kalmar sirri, duk abin da ya fito daga cikinsa, rubutu ne ko hoto, rautar farko ta buga masa hatimin fifiko. Ɗayan na jama'a, a ƙayyade masa sauri, a goge duk hatimin da waya ta saka wa kanta.

Ɗalibar Sadarwa:
Goge hatimin nan wajibi ne, domin kowace manhaja tana iya cewa saƙonta murya ne. Sannan a kula da wani tarko. Hatimin murya a DiffServ, tsarin intanet na buga wa saƙo hatimin fifiko, shi ne EF, lamba 46. In aka rubuta lambar da 0 da 1, na'urori da yawa gurbi uku na farko kawai suke dubawa, sai ya ba su 5, kuma 5 a WMM gidan bidiyo ne. Wato kiranka yana layi ɗaya da bidiyon da kake gudu. Kundin ƙa'idar intanet RFC 8325 na 2018 ya ce a kai shi 6, gidan murya. Yaya Ɗan Agaji ka duba ko naku yana yin hakan.

Mai Shakka:
Ni fa duk wannan wahala ban ga dalilinta ba. Lokacin zanga-zangar Hong Kong a 2014 mutane manhajar FireChat suka sauke, a 2019 kuma Bridgefy, har a nan lokacin EndSARS a 2020 an yi ta yaɗa shi. Waya da waya kawai, babu hawa rufi. Lokacin da aka rufe sabis a Zamfara a Satumbar 2021 da mutane suna da irinsa ai da sun rage zuwa wata jiha neman sabis.

Mai Hawa Ƙarfe:
Ɗan'uwa Bluetooth ne fa, da ƙyar ya kai mita 100 a fili. Yana aiki ne inda mutane suka cunkushe a titi ɗaya. Tsakanin ƙauye da ƙauye a Zamfara wa zai miƙa? Kuma rubutu ne, shi ma in ya isa.

Ɗalibar Sadarwa:
Ƙari a kan haka, a 2020 masu bincike a Royal Holloway da ke Ingila sun nuna ana iya karanta saƙonnin Bridgefy na wancan lokacin, a yi sojan gona da sunan wani, har a durƙusar da sadarwar da saƙo ɗaya da aka ƙera don haka. Wanda zai iya cusa shara a iska ya gama da duk wani fifiko da aka tsara. Kuma yawancin wayoyin Android ba sa buɗe yanayin kai-da-kai na Wi-Fi, shi ya sa aikin Serval na Ostareliya, wanda girgizar ƙasar Haiti ta 2010 ta zaburar, sai da ya buƙaci a fasa makullin waya kafin ta yi.

Malam Injiniya:
Kuma mu bambanta abu biyu. Ambaliya daban, rufe sabis da hukuma ta yi saboda tsaro daban. Ɗan Agaji, ku sanar da mai unguwa da jami'an tsaron yankinku abin da kuka ɗora a rufin mutane, kuma ku tsaya a mitocin da NCC ta yarda a yi amfani da su.

Akwai abin da ban taɓo ba, zaɓen hanya. Tsofaffin ƙa'idoji irin AODV da OLSR, da aka fitar a 2003, a asalinsu zango suke ƙirgawa, mafi ƙaranci shi ne gwani. A Roofnet, sadarwar rufin gidaje da MIT ta kafa a Cambridge, De Couto da abokansa suka ga wannan yana zaɓar dogon zango mai rauni. Suka kawo awon ETX, wato sau nawa za a aika saƙo kafin ya tabbata ya isa. Misali: zangon da rabin saƙo ke isa, rabin amsa ke dawowa, sai an aika sau 4 kafin ɗaya ya tabbata. Zango biyu masu kyau, kowanne kashi 90 cikin 100 ta kowane ɓangare, jimillarsu ba ta kai sau biyu da rabi ba. Hanya mai zango biyu ta fi mai ɗaya. Batman-adv da kuke amfani da shi, wanda ya fito daga 'yan Freifunk na Jamus, yana duba ingancin zango dama, kuma sabon salonsa na biyar yana auna saurin da zangon ke iya ɗauka. Ku gwada shi.

Abin da ba ya warkewa shi ne lokacin sauya hanya. A OLSR ana gaisawa duk sakan 2, ba a yanke ƙauna da maƙwabci sai bayan sakan 6. Rubutu bai damu da sakan 6 ba. Mai kira kuwa ya riga ya ce "hello, hello" ya kashe. In ka ce a dinga gaisawa da sauri, gaisuwar ta cinye iskar da kake tattali.

Ɗalibar Sadarwa:
Kuma neman hanyar da ta cika sharaɗi biyu masu taruwa a lokaci guda, kamar jinkiri da tsada, Wang da Crowcroft sun nuna a 1996 cewa yana cikin matsalolin da lissafinsu ke kumbura fiye da kima in na'urori sun yi yawa. Amma Malam har yanzu ina kan bakana ta wani ɓangare. Rautocinsu a kafe suke, guda shida ne. Wannan ba ayarin motocin soja ba ne irin wanda DARPA, hukumar binciken sojan Amurka, ta fara yi wa rediyon ƙunshi a 1973. A wuri ƙarami haka ana iya auna abin da jerin ke ɗauka, a ce kira kaza ne iyaka, na gaba ya ji layi a cike. In an yi haka, waɗanda ke ciki sun samu abin da ya yi kusa da tabbaci.

Malam Injiniya:
A nan ba mu da saɓani. Hana na gaba shiga shi ne ginshiƙin abin duka. Sai dai ki auna a rana mafi muni, da ruwa da iska, ba da hantsi mai kyau ba, kuma ki bar rara mai yawa. Inda har yanzu ban bi ki ba shi ne kiran sa tabbaci a gaban Hajiya. Ita za ta dogara da kalmar, ran da ta faɗi kuma rai ne a hannunta.

Baba Tsohon Mai Oba-oba:
'Ya'yana ku bar tsoho ya sa baki. Na yi shekaru ina aikin rediyo a ayarin motocin kaya. Tasha ɗaya muke da ita, mu fi ashirin, kuma saƙo bai taɓa ɓata don cunkoso ba. Dalili, ba a hira. Ka danna, ka faɗi sunanka da wanda kake nema, ka faɗi abin da ya kawo ka a numfashi biyu, ka ce oba, ka saki. In aka ji kalmar gaggawa kowa ya cire hannu. Me ya sa dole sai kira irin na waya, mutum biyu su riƙe hanya minti goma rabinsa gaisuwa? Ku koya wa yaranku danna-ka-faɗa. Kuma ko kun gyara rautocin, ku ajiye oba-oba biyu, ɗaya a makaranta ɗaya a wajen Hajiya.

Malam Injiniya:
Baba ya kawo abin da injiniyoyi kan tsallake. Saƙon murya da aka naɗa aka tura ba ruwansa da milisakan 150. In ƙunshi ya ɓata a sake aikawa, in hanya ta yanke sakan 6 ya jira, ya isa cikakke. Danna-ka-faɗa kuma ɓangare ɗaya ke magana, nan take an rage rabin neman izini, kuma jinkirin sakan ɗaya ba ya damun kowa. Manhajar Mumble tana yin haka, kuna iya ɗora uwar garkenta a ƙaramar kwamfuta a makarantar ba tare da intanet ba, ku kuma ƙara tsawon muryar da ke cikin kowane ƙunshi zuwa milisakan 40 ko 60 don yawansu ya ragu.

Inna Ma'aikaciyar Jinya:
Saƙon murya ya fi mini ma. Hannuna a cikin safar roba, ba na iya riƙe waya a kunne. Abin da nake roƙo ɗaya ne: in saƙona bai isa ba, wayar ta gaya mini bai isa ba. Kada ta yi shiru in zauna ina jiran kwalekwalen da ba a san na nema ba. In na sani, zan tashi yaro da gudu.

Mai Sola Damagaram:
A nan wajenmu wasu sun fara gwada Meshtastic, ƙananan rediyon LoRa masu zuwa nesa da wuta kaɗan. Batir ɗaya yana kwana da yini, kuma yana kai kilomitoci in an ɗaga shi. Yana nuna alamar an karɓa.

Ɗalibar Sadarwa:
Yana da kyau a matsayin na ajiya, amma rubutu ne kawai, wajen haruffa 200, babu hoto babu murya. Kowace na'ura maimaita abin da ta ji take yi, shi ya sa aka sa iyakar zango 3 tun daga saiti, ba ya kuma wuce 7. In aka raba wa duk unguwa zai toshe. Kuma Inna a kula, a saƙon taro alamar tana nufin wata na'ura ta ji ta maimaita ne kawai. Sai a saƙon da aka aika wa mutum ɗaya kai tsaye ake samun amsar cewa shi ɗin ya karɓa.

Ɗan Agaji:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Zan kai wa 'yan kwamiti batun sunan Wi-Fi biyu, domin su za su yanke wa zai shiga na ma'aikata, kuma na san za a yi gardama a kan masu kwalekwale da 'yan sintiri. Saura abu ɗaya. Na ga ana maganar SQM, mai ƙayyade sauri da tsara layin saƙo, a OpenWrt, in na kunna shi a kowace rauta ya wadatar wajen hana bidiyo cika layi?

Mai Hawa Ƙarfe:
A kowace rauta a'a. SQM sai ka gaya masa saurin layin, shi kuma saurin iska ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ka saka shi a bakin shiga, wato a kan sunan Wi-Fi na jama'a, ka ba shi adadin da ke ƙasa sosai da abin da jerin ya ɗauka ranar da ya fi rauni. Tsakanin rufi da rufi ka bar direban Wi-Fi ya yi aikinsa, yana da fq_codel mai hana layin saƙo tsawo a cikinsa. Sannan ka gwada da hannunka: ka sa mutum biyu su tura manyan bidiyo daga makaranta, kai kuma ka bar ping, mai auna jinkiri da milisakan, yana tafiya zuwa ɗakin shan magani ta sunan ma'aikata. In lambar ta tashi daga gomomi ta koma ɗaruruwa, rage wa jama'a sauri ka sake. Ka turo mana lambobin da ka gani kafin da bayan ka koma 5, da tsayin kowane bututu.